Bayan Arba'in, Wa Ke Kula da Mai Jego?

A watan Agusta na shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin da ake biya a gidajen likita na gwamnati, ta kuma mai da haihuwa kyauta. Kafin wannan, a shekarun 2005 da 2006, an riga an ɗauke wa mata kuɗin awon ciki da na fiɗa idan haihuwa ta gardama, an ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Duk waɗannan matakai manufarsu ɗaya ce, wato mace ta sauka lafiya, ita da ɗanta. Abin yabo ne. Amma akwai wani ciwo da ke zuwa bayan an sauka, bayan an yanka rago, bayan ƴan barka sun watse. Ba ya zubar da jini, ba ya kawo zazzaɓi, don haka ba kasafai yake shiga littafin likita ba. Masana suna kiransa ciwon damuwa na bayan haihuwa. A ƙasar Damargu, wato gundumar Tanut da ta Belbeji, yadda shekara ke juyawa da yadda ake zaman aure sun sa lalle ne mu dubi wannan ciwo da idon basira.

Ciwon da ba a gani

Da farko sai ka rarrabe abu uku, domin mutane kan haɗa su wuri ɗaya.

Mata da yawa, kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, sukan ji ransu ya ɓaci ba dalili. Hawaye ya zo, a yi fushi da ƙaramin abu, can kuma a yi dariya. Sinadaran jiki ne da suka yi yawa lokacin ciki suke raguwa farat ɗaya, ga gajiya, ga rashin barci. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu, hutu da kyakkyawar magana sun ishe shi.

Na biyu shi ne wanda muke magana a kansa. Baƙin ciki ne mai nauyi da ke zaunawa kusan kullum, fiye da mako biyu. Mace ta daina jin daɗin abin da ta saba jin daɗinsa, hira ko kitso ko zuwa biki. Barci ya ƙaurace mata ko da jinjiri yana barci. Abinci ya fita ranta. Ta riƙa ganin ita ba uwar kirki ba ce, ta riƙa jin tsoro kamar wani abu zai sami yaron. Wata ba za ta ce tana baƙin ciki ba, sai dai ta ce kanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, jikinta ya mutu. Wata kuma faɗa ne zai yi mata yawa. Idan ciwon ya yi tsanani, tunanin mutuwa yakan zo mata. Yana iya farawa tun tana da ciki, yana iya farawa wata biyu ko huɗu bayan haihuwa, kuma idan ba a kula ba yakan kai shekara.

Na uku ba shi da yawa, mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Shi ne ruɗewar hankali, wadda yawanci kan zo cikin mako biyu na farko: surutai, ganin abin da babu, ƙin barci kwana da kwanaki. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, a ranar ake kai ta asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a nan muka fi sani da OMS, ta ce a duniya duka kimanin mata 13 cikin 100 da suka haihu suna fama da irin wannan larura, amma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100. Ka yi lissafi da kanka. Idan a garinku mata 30 suka haihu daga kaka zuwa kaka, bisa wannan ma'auni shida daga cikinsu na iya kasancewa cikin wannan hali. Ka san su, ka ci sunan ƴaƴansu. Wataƙila ma an ce maka wance ta yi lalaci tun da ta haihu, ko ta zama mai baƙin hali, ko iska ta taɓa ta.

Kwana arba'in na gata, sa'an nan shiru

Al'adarmu ba ta yi wa mai jego rowa ba. Akwai wankan jego safe da yamma, akwai kunun kanwa, akwai naman kauri, akwai tsohuwa da za ta zo ta zauna. Mai haihuwar fari ma gidan iyayenta ake mai da ita. An ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. Ƙasashe da yawa masu arziki ba su da irin wannan gata, kuma bincike ya nuna cewa macen da ke da masu taimaka mata ta fi tsira daga ciwon damuwa.

Sai dai ka lura da abu biyu. Gatan nan duka na jiki ne: a gasa ta, a ciyar da ita, nono ya kawo. Ba a saba a zauna a tambaye ta abin da ke cikin zuciyarta ba, ita ma kunya ba za ta bari ta faɗa ba. Wace ce za ta ce ba ta farin ciki alhali Allah ya ba ta ɗa? Na biyu kuma, gatan yana da ranar ƙarewa. Ran arba'in tsohuwa ta ɗaure kayanta, turmi da taɓarya su dawo, igiyar rijiya ta dawo, kuma wanda ya san Damargu ya san zurfin rijiyoyinta da nisan wasunsu daga gari. Ciwon damuwa kuwa sau da yawa a daidai wannan lokaci yake kama ƙarfi. Wato taimako yana fita ta ƙofa a lokacin da aka fi bukatarsa.

Kunyar ɗan fari ma tana iya rufe alama. An san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. To idan yarinya ƴar shekara 16 ta kau da kai daga jinjirinta saboda ciwo, sai manya su ce, "Kai, wance akwai kunya." Ƙididdigar lafiyar iyali ta 2012 ta nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jihar Damagaram tana cikin waɗanda adadinsu ya wuce haka. Ƙarancin shekaru kansa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo.

Ina maigida?

A nan ne maganar ta zo kanka. A shekarar 2012 mujallar OMS ta buga wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi na Afirka da Asiya. An tarar talauci yana da hannu, ciki da ba a shirya masa ba yana da hannu. Amma abin da ya yi ta fitowa shi ne halin zaman aure: mijin da ke duka ko zagi, mijin da ba ya tausayi kuma ba ya taimako, da dangin miji masu tsangwama. Aka kuma tarar macen da ke da miji mai kirki, wanda take iya gaya wa damuwarta, ta fi samun kariya. Ba za ka iya sa ruwan sama ya sauka a Gangara ko Tarka ba, ba za ka iya rage kuɗin tiyar hatsi ba. Amma wannan ɗaya yana hannunka.

Dubi yadda shekara take a Damargu. Ana gama girbin hatsi, a ɗaure damma, a zuba a rumbu, sai samari da magidanta su kama hanyar cin rani: wasu Kano, wasu Agadas, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya na arewa tun da aka gano ta a Jado a 2014. Ba sa dawowa sai gab da shuka. Macen da ta haihu a watan Disamba, arba'in ɗinta zai cika cikin sanyi, mijinta yana nesa. Wata biyar masu zuwa za ta yi su da jinjiri a baya, wani yaro a hannu, a ƙarƙashin ikon uwar miji, wani lokaci ma mabuɗin rumbu ba ya hannunta. A wajen makiyaya na Belbeji da Tenhiya kuwa, miji yana can bayan dabbobi inda ciyawa take. Ba wanda zai ce kada a tafi neman abinci, yunwar 2005 ta koya wa kowa darasi. Amma tafiya iri biyu ce. Wani yana tafiya ya bar hatsi a auna, ya bar kuɗin magani, ya bar izini a faɗe a gaban shaidu cewa idan ita ko yaro ba lafiya a tafi likita ba sai an jira shi ba. Wani kuma sai dai a wayi gari a ga ba ya nan.

Salula ta rage nisa, amma ka saurari irin kiran da ake yi. "Kuɗi sun iso? Yaya yaro? Ba ni Inna." An gama. Ita mai goyon ba a tambaye ta ko ta yi barci ba.

Wanda ke gida ma yana iya zama kamar ba ya nan. A gidaje da yawa mai jego tana fita daga rabon girki har ta yi arba'in, sai maigida ya tare ɗakin abokiyar zamanta, ya riƙa leƙo ta daga bakin ƙofa. Ƙididdigar 2012 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a Nijar suna da abokiyar zama. Akwai gidajen da abokiyar zama ita ce ke dafa ruwan wanka, ita ce ke goya babban yaro, kuma irin wannan gida rahama ne. Akwai kuma inda maigida yake zaɓar lokacin goyo ya ɗaura sabon aure da kuɗin cin rani. Shari'a ba ta hana shi ba, amma ya san a kan wace irin zuciya yake aza wannan kaya.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne ciwon da zaman aure suna cin juna. Rashin jituwa yana kawo ciwon, ciwon kuma yana ɓata jituwar da take akwai. Ka dawo daga gona ko kasuwa ka tarar ba a share gida ba, tuwo bai nuna ba, ka yi magana an yi maka shiru ko an fashe da kuka. Da dare ta juya maka baya. Kai a ganinka raini ne. Ka yi faɗa, faɗan ya tabbatar mata da abin da ciwon yake raɗa mata, cewa ba ta da amfani kuma ba a son ta. Gobe abin ya fi na yau. Uwarka ta sa baki, uwarta ta sa baki, sai yaji, sai biko, daga nan sai takarda. Aure nawa ne ya mutu a shekarar goyo, aka ce hali ne bai zo ɗaya ba, alhali ciwo ne mai magani? A ganina duk mai gari ko limamin da aka kawo wa ƙarar ma'aurata, in ya ga matar da jinjiri a baya, ya kamata tambayarsa ta farko ta zama: yaushe ta haihu, kuma haka take kafin ta haihu?

Maza ma ba su tsira ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kimanin uba ɗaya cikin goma yakan shiga irin wannan damuwa, musamman idan matarsa tana ciki. Bashin ragon suna kaɗai ya isa ya hana mutum barci.

Abin ya shafi yaron

Wanda bai damu da hawayen mace ba, to ya dubi damtsen ɗansa. A ƙasar Pakistan, a karkarar Rawalpindi, wani likita mai suna Atif Rahman da abokan aikinsa sun bi jarirai har shekara guda, suka buga sakamakon a 2004. Ƴaƴan matan da ke da ciwon damuwa sun fi sauran ramewa da tsumburewa, sun kuma fi yawan zawo. Dalilin a fili yake. Shayar da nono zalla har wata shida aiki ne na dare da rana. Dama kunu mai kyau, wanke hannu, lura da zazzaɓi tun yana ƙarami, tafiya rigakafi a ƙasa cikin rana, duk suna son uwa mai kuzari. A jihar da tamowa ke cika gidajen likita da yara kowace damina, bai kamata a auna damtsen yaro a ba shi abincin tamowa a sallami uwar ba tare da an dubi fuskarta ba.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, yawancinsu kuma a Yamai suke. Daga Tanut zuwa Damagaram ma tafiya ce ta kusan kilomita 150. In da sai da su ake warkewa, da magana ta ƙare. To ba haka ba ne. A can Rawalpindi aka koya wa matan da ke aikin lafiya gida gida, waɗanda ba likitoci ba ne, yadda za su zauna da mai ciki da mai goyo su saurare ta, su taimake ta ta gane tunanin da ke danne ta, su kuma jawo miji da uwar miji cikin aikin ta hanyar maganar lafiyar yaro. An gwada da mata wajen 900, aka buga sakamakon a 2008. Bayan wata shida, cikin waɗanda aka yi wa wannan ziyara 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, cikin sauran kuwa 53. A 2015 OMS ta mai da wannan hanya littafin koyarwa domin kowace ƙasa, a 2022 kuma ta ba da shawara a riƙa binciken damuwa a wajen kowace mai jego idan ta zo awo. Akwai ma tambayoyi goma da aka tsara a Edinbara ta ƙasar Birtaniya tun 1987, waɗanda ungozomar likita za ta iya yi cikin ƴan mintoci.

Mu kuma a jihar Damagaram muna da wani abu da wasu ƙasashe suka zo suka koya daga gare mu. A 2007 asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'umma, wato UNFPA, ya sa aka bincika abin da ke hana mata zuwa likita a wannan jiha, aka tarar babban abin shi ne ikon maza da halinsu. Daga nan aka buɗe Makarantun Mazaje guda 11 na gwaji a 2008. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, waɗanda gari ya yarda da halinsu, suke haɗuwa sau biyu a wata su tattauna, su faɗakar da ƴan'uwansu maza. Inda aka kafa su, awon ciki da haihuwa a likita sun ƙaru. Amma abin da aka fi ƙirgawa shi ne mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a hannun ma'aikata, nawa suka karɓi maganin tazarar haihuwa. Ga mazan a zaune, ga tabarma a shimfiɗe, ga amincewar gari. Ƙara darasi ɗaya a kan zuciyar mai jego ba ya bukatar gini ko mota. Haka nan ajin yaƙi da jahilci da kake karanta wannan a cikinsa.

To, me za ka yi?

Ka fara da barci, domin shi ne maganin da ba a saya. Ka nemi wadda za ta karɓi jinjiri bayan ya sha nono, uwar ta sami sa'o'i huɗu ko biyar a jere. In akwai hali, kada ranar arba'in ta zama ranar da dukan aiki zai faɗo mata. Ka kai hatsi inji, ka ɗauki amalanke ka kawo ruwa da itace. Wanda ya iya tara icen wankan jego na kwana arba'in ba zai kasa na wata uku ba. Ka shiga ɗakinta ka zauna, ko ba ranar girkinta ba ce, ka tambaye ta yadda take ji, sa'an nan ka yi shiru ka saurara. Kada ka ce mata, "Me kika rasa?" Ta san ba ta rasa tuwo ba, wannan ne ma yake ƙara mata jin laifi. Idan Inna ta ce lalaci ne, ka gaya mata da ladabi cewa likita sun san wannan ciwo, kuma lafiyar jikanta ce a ciki. Hannu kuwa kada ya tashi, ko da wasa. Maganar saki a jingine ta har ta warke. Kuma ku yi shawara a kan hutu kafin wani ciki, OMS ta ce a bari a ƙalla shekara biyu.

Ke kuma mai karatu, idan kin ga kanki a cikin wannan bayani, ki sani ba rashin godiya ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ki gaya wa mutum ɗaya da kika amince da shi, yayarki ko ƙawarki ko ungozoma. Addu'a da zuwa likita ba sa karo da juna. Abin da za ki guje wa shi ne ƙwayoyin masu talla a kasuwa, irin su tramol da maganin barci, suna bi ta nono su kai ga yaro, ciwon kuma yana nan. Akwai magani na gaskiya da mai shayarwa za ta iya sha, ma'aikacin lafiya ne ke rubuta shi, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, kuma ba a barinsa farat ɗaya.

A sa a auna jininta ma, domin ƙarancin jini yana kawo kasala mai kama da wannan. Idan kuwa ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, wannan ciwon zuciya ne na jiki. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawansa da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego, kuma asibiti yake so da sauri.

Awon bayan haihuwa sau huɗu ne: ranar farko, kwana na uku, tsakanin mako ɗaya da biyu, sai mako shida, wanda ya zo daidai da arba'in. Wannan na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi dacewa da wannan magana. Ka raka ta, ka gaya wa ungozomar likita abin da ka gani a gida: kwana nawa ba ta barci, yaushe ta daina cin abinci, me take faɗa. Idan ta ambaci mutuwa, ko ta ce yaron zai fi jin daɗi ba ita, ko ta fara ganin abin da babu, kada a bar ta ita kaɗai ko da sa'a guda. A kawar da maganin ƙwari da igiya daga ɗakin, wata ta riƙe jinjirin, a nemi mota ko amalanke zuwa likita mafi kusa, su kuma za su tura ta asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram.